Ina sunayen yaran da suka haɗa kukar ƙarfen nan?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Asabar a kan bishiyar kukar nan ta ƙarfe bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Tun daga farko har ƙarshe malamin sassaƙa kuka sa a gaba, shi kuka tambaya, shi kuka haska, matasan da suka yi aikin kuwa sai dai a hango su can baya suna riƙe da rodi. Mai gabatarwarku "yaran" kawai take ce musu. Ko ɗaya ba a ambaci sunansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ni mai walda ne a Tsohuwar Panteka, kuma yaron shagona yana cikinsu. Da idona na ga yadda suka yi ta bin 'yan gwangwan suna tsintar sarƙar babur, sifirin ɗin mota da bakin garma, su kankare tsatsa, su yanka, su jera a ƙasa suna gardamar inda kowane reshe zai zauna. Wata yarinya a cikinsu ce ta kawo shawarar a lanƙwasa tsofaffin cokula su zama ganye, abin da kuka fi haskawa ke nan kuna yabo. Yarona kuwa wutar walda ta shigar masa ido, ya kwana hawaye na zuba, idon ya kaɗa jawur, amma gari na wayewa ya ɗauki tabaransa ya koma. Ranar shirin ya tara mahaifiyarsa da ƙannensa a gaban talabijin. Da aka gama bai ce uffan ba, ya tashi ya fita.

Malamin ba shi da laifi, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya koya musu auna nauyi don kada abu ya rinjaya ya faɗi, kuma na ji ya fara lissafo sunayensu kuka yanke maganar kuka sako kiɗa. Laifin naku ne.

A jihar nan ta Kaduna aka tono sassaƙen yumɓu na ƙauyen Nok a 1928, aikin da ya haura shekara 2,000, kuma har yau ba wanda ya san sunan ko mutum ɗaya da ya ƙera su. Su a lokacinsu ba kyamara ba takarda. Ku mene ne uzurinku? Shahararrun masu zanen nan Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo ma ai ɗalibai ne a Zariya lokacin da aka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Da an ci gaba da ce musu "yara", wa zai san su? Don Allah ku maimaita shirin, ku kira matasan nan ɗaya bayan ɗaya su faɗi sunansu da unguwarsu da bakinsu.

Sannan tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa bayan Magariba, kalamansa sun yi nauyi. Mutum na zaune da 'ya'yansa da surukarsa sai ya rasa inda zai sa kansa. Ku mayar da shi can cikin dare ko ku cire shi gaba ɗaya.

Naku mai kallo a kullum,
Wani mai walda, Tsohuwar Panteka, Kaduna.