Dariyar da kuka yi a shirin Asabar ta shigo har cikin falonmu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na rubuto ne a kan dariyar nan. Kun san wadda nake nufi, ta shirin matasa na daren Asabar, lokacin da baƙonku ya zo kan Oyasumi Punpun, littafin labari cikin zane na ƙasar Japan wanda aka zana yaron cikinsa, Punpun, a siffar tsuntsu, ya ce wai shi bai taɓa jin inda tsuntsu ya yi ciwon damuwa ba, mai gabatarwa kuma ya tuntsire da dariya har ya kasa karanta saƙon da ke gabansa. Baƙon bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa yaron da ke cikin littafin ba abin da ke damunsa sai ƙoshi da rashin aikin yi, wai da a ƙasar nan yake da bulala biyu ta warkar da shi. Aka sake kwashewa da dariya. Ni ban yi ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu raina a ɓace yake.

Don Allah, baƙon nan ya karanta littafin kuwa? Juzu'i 13 ne, babi 147. Mai zanensa, Inio Asano, ya fara fitar da shi a mujalla a 2007, bai kammala ba sai 2013. Duk abin da baƙonku ya faɗa a daren nan bai wuce abin da mutum zai tsinta ba idan ya leƙa hoto biyu a intanet ya rufe waya. Da ya daure ya buɗe ko juzu'in farko, da ya ga abin da ya sami wannan da yake kira tsuntsu tun yana ɗan firamare. Yaro ya tashi da safe ya tarar da gida a hargitse, uwarsa kwance a ƙasa, ubansa na tsaye yana ce masa ɓarawo ne ya shigo. Babu wani ɓarawo. Uban ne ya doke ta har ta kwanta asibiti. Aure ya mutu, sunan gidan da yaron ke amsawa ya koma Onodera daga Punyama. Kawunsa Yuichi, ƙanen uwar, ya tare a gidan don ya riƙe shi, alhali shi ma kawun nasa ciwon ya ishe shi. Uwar kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta iya nuna wa ɗanta ƙauna a fili ba, sai daga baya ake gane cewa wasiƙun da yaron ke ta samu da sunan ubansa ita ce ke zama tana rubuta su. Yana ɗan saurayi, matar da ke tare da kawun nasa ta ci zarafinsa ta hanyar da ba zan iya rubutawa a nan ba. Wannan shi ne ƙoshin? Wace bulala ce ta rage da ba a yi masa ba?

Batun tsuntsun ma da ya zama abin dariya, ai a nan aikin yake. Punpun da danginsa ne kaɗai aka zana da 'yan layuka kamar zanen ɗan aji ɗaya. Sauran mutane an zana su mutane sak, har gumin goshinsu. Tituna da gidaje da wayoyin lantarki kuwa daga hotunan gaske mai zanen ya ɗauko su ya gyara. Sai ka ga ɗan abu fari tsirara a tsakiyar duniyar da komai nata ya cika. Maganarsa ma ba ta fitowa daga bakinsa kamar ta kowa, a wani fili daban ake rubuta ta. Da ya girma ciwon ya yi nisa, siffar tasa sai ta riƙa sauyawa, wani lokaci ya koma dunƙule mai kusurwa uku, daga baya ya zama baƙi ƙirin da ƙahoni. Duk wanda ya taɓa zama da mai wannan ciwo ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan zane.

Ni na zauna da shi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana aji biyu a jami'a ya dawo hutu, hutu ya ƙare bai koma ba. Yaron da in yana gida ba a jin muryar kowa sai tasa, ya shige ɗaki ya saki labule. Za a kai masa tuwo da daddare, da safe in je in ɗauko kwanon a bakin ƙofa, miya ta daskare, ko murfin bai ɗaga ba. Wanka sai Mama ta yi kuka. Abokansa su yi ta sallama a ƙofar gida, ya ce a ce ba ya nan. Baba ya ce lalaci ne da sangarta, kusan kalma ɗaya da ta baƙonku. Gwaggonmu ta ce sammu ne, wata maƙwabciya ta ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an yi sauka. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi masa. Amma duk cikinmu babu wanda ya zauna ya tambaye shi me yake ji, shi kuma ba shi da kalmar da zai faɗa mana.

Littafin nan ne ya ba shi abin da zai nuna. Wani dare ya turo mini shafuka ta WhatsApp, alhali ɗakina da nasa bango ɗaya ne ya raba. Ƙarƙashinsu ya rubuta: “Yaya, karanta wannan.” Shi ke nan. Ni da ban taɓa riƙe manga ba, wato irin wannan littafin zane na Japan, sai da na koyi cewa daga dama ake fara karanta shi, kamar ajami. Na bi fassarar Turanci a waya, a hankali, ina yi ina ajiyewa saboda nauyinsa. Har na zo inda Punpun ya gama sakandare ya kama ɗakin haya shi kaɗai, ya yanka wa kansa wa'adin shekara biyu, cewa idan rayuwarsa ba ta canza ba zai kashe kansa. Jikina ya yi sanyi. Na tashi ko ɗankwali ban ɗaura ba na buga masa ƙofa, na tambaye shi kai tsaye ko shi ma ya yanka wa kansa wa'adi. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya gyaɗa kai.

Washegari ni da Mama muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, Baba bai sani ba sai da muka dawo. Aka ɗora shi a kan magani, aka sa masa ranakun ganin likita. Ba a kwana biyu aka ga sauƙi ba, an ɗauki watanni, akwai lokacin da ya koma baya har muka fara fid da rai. Alhamdu lillahi yanzu ya koma makaranta, yana cin abinci, yana fita masallaci da ƙafarsa. Baba da kansa yake tuna masa lokacin shan magani.

To, Malam Edita, wannan yaron shi ya ji sanarwar shirinku tun ranar Alhamis, ya zo da murnarsa ya ce mini gidan rediyon Hausa zai yi maganar Punpun. Shi ya kunna rediyon. Shi ya kira Baba ya ce ya zo ya ji. Muna zaune mu huɗu a falo aka yi dariyar nan. Na dube shi, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, da aka zo maganar bulala ya tashi ya shige ɗaki. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuna can ɗakin watsa shiri kuna nishaɗi, ni ce na kwana ina kasa kunne a jikin bango.

Kuma da baƙonku yake cewa mutanen Japan daɗi ne ya yi musu yawa shi ya sa suke ƙirƙiro wa kansu ciwo, ya san ƙasar da yake magana a kai? Daga 1998 zuwa 2011, shekara 14 a jere, kowace shekara sama da mutum 30,000 ne ke kashe kansu a Japan. A 2003 kaɗai mutum 34,427. A cikin waɗannan shekarun aka fara zana littafin nan. Su ba su yi dariya ba. A 2006 suka kafa doka ta musamman don yaƙi da abin, suka zuba kuɗi, adadin ya sauko zuwa 20,169 a 2019. Duk da haka na yara 'yan makaranta bai sauka ba, a 2022 ɗalibai 514 suka rasa, daga firamare zuwa sakandare. A 2021 har minista suka naɗa mai kula da matsalar kaɗaici. Mu nan sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan mun shafe shekaru muna aiki da ta 1958. Gidan rediyon da ya kamata ya taya mu fahimtar da iyaye shi ne ke koya musu cewa maganin abin bulala.

Kar a ce ina tallar littafin. Ban ce a ba yara ba, ko a can Japan a mujallun manya aka buga shi. Akwai tsiraici a ciki, akwai zubar da jini, akwai wani kai mai tulin gashi da yaron ke kira abin bautarsa, wanda ni a matsayina na Musulma ban ji daɗin ganinsa ba, ko da yake a fili yake cewa muguwar muryar da ke cikin kan yaron ce. Ƙanena ma da kansa yana cewa wanda ke tsakiyar ciwon bai kamata ya karanta shi shi kaɗai ba. Da wannan baƙonku ya faɗa, da na rubuto in yi muku godiya. Da ya yi maganar Aiko Tanaka ma, da na san ya karanta. Yarinyar da uwarta ke jan ta gida gida tallar wata ƙungiyar addini, wadda tun suna firamare ta roƙi Punpun ya gudu da ita wani gari mai nisa, Kagoshima, ya yi mata alkawari ya saɓa. Da suka sake haɗuwa suna manya, ya tarar uwar tana dukanta, shi da ya zo a matsayin mai ceto shi ma ya koma yana cutar da ita, har tafiyar tasu ta ƙare da mutuwarta. Littafin bai wanke Punpun ba ko kaɗan. Ya nuna yadda wanda aka raunata aka bar shi ba magani yake raunata na kusa da shi. Ga abin da za a shafe awa guda ana tattaunawa da matasanmu, 'yan mata su bugo waya, iyaye su bugo. Sunan Aiko ko sau ɗaya bai fito a shirinku ba. Haka na Sachi, wadda ta nace wa Punpun ta ƙi barinsa ya ɓace.

Na yi ƙoƙarin bugowa a daren, kuma wannan ma wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Layin nan naku na masu sauraro, mutum zai samu ya shiga, a ce ya dakata, ya yi ta riƙe waya katinsa na ƙonewa, ƙarshe a katse shi ba ko ba da haƙuri. Amma kullum muryoyin mutum huɗu ko biyar ɗin nan dai muke ji, masu gaishe gaishen abokai da surukai. In akwai wata lambar da ake ba na gida, ku faɗa mana mu daina asarar kuɗinmu.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa. Ku sake ɗaukar maudu'in nan a wani shirin. Ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ko ma'aikaciyar jinya da ke aiki da masu ciwon damuwa, muna da su a Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma suna jin Hausa. In za a sake taɓa littafin, a nemo wanda ya karanta shi har ƙarshe. Mai gabatarwa kuma ya buɗe baki ya ce dariyar da aka yi kuskure ce, da muryarsa, a daidai lokacin da aka yi ta. In za ku karanta wasiƙar nan, ku karanta ta duka, kar a tsinci gaisuwar a bar sauran.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
wata yaya daga Zariya