Wasiƙa kan makin digirin farko da shiga makarantar lauya a Amurka

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka game da ɗanmu da ke aji uku a jami'a a nan Amurka, wanda ka ce ya ƙudurta karatun lauya idan ya kammala. Na ga ya fi kyau in rubuto maka a tsanake, domin ni kaina ban gane wannan al'amari ba sai da ya faɗo a kan 'yata.

Ka san a gida yaro yana shiga sashen shari'a daga sakandare, ya yi shekara biyar, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi. A nan kuwa sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni kafin ya nemi karatun lauya na shekara uku, kuma abu biyu ne suka fi nauyi a takardunsa: jarrabawar neman shiga makarantar lauya mai suna LSAT, wadda makinta ke kamawa daga 120 zuwa 180, da matsakaicin makin digirinsa, wato GPA. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, makin da jami'ar yaro ta rubuta masa ba shi ne ake aiki da shi ba. Wata hukuma mai suna LSAC ce ke karɓar takardun sakamako, ta sake lissafi da nata ma'aunin, sannan ta aika wa makarantun.

A wannan ma'auni, A tana ɗaukar 4.0, A- tana ɗaukar 3.67, B+ kuma 3.33, amma A+ tana kaiwa 4.33. A nan ne nake ganin akwai rashin adalci. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana ba da A+, kuma ko da yake ita kanta a matsayin 4.0 take ƙirga ta, LSAC tana mayar da ita 4.33. Jami'ar Brown kuwa ba ta sa alamar ƙari ko ragi a maki gaba ɗaya, don haka ɗalibinta, komai hazaƙarsa, ba zai wuce 4.0 ba. Ka ga yara biyu da suka yi ƙoƙari iri ɗaya, ɗaya yana da A+ da za ta cike masa giɓin darasin da ya yi tuntuɓe a kansa, ɗayan ba shi da abin cikewa. Haka kuma jami'o'i sun bambanta wajen sakin hannu. Princeton ta taɓa kafa manufa a 2004 cewa kada masu samun A su wuce kashi 35 cikin ɗari, har sai da ta janye ta a 2014, kuma ɗaliban da suka yi karatu a tsakanin nan da makinsu suka shiga gasa da waɗanda malamansu ba su da wannan takunkumi.

Abin da ya same mu a gidan nan shi ne maimaita darasi. A shekararta ta farko 'yata ta samu D a wani darasin kimiyyar sinadarai, lokacin da mahaifiyarta ke kwance a asibiti. Ta sake ɗaukarsa ta samu A, jami'arta ta cire tsohon makin daga lissafi, muka ɗauka magana ta ƙare. Ranar da rahoton LSAC ya fito tana zaune a teburin cin abinci da kwamfutarta, ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa ta nuna mini: 3.70 ɗinta ya koma 3.61. Hukumar tana ƙirga duka biyun muddin suna kan takardar sakamako.

Za ka iya cewa wannan ɗan bambanci ba wani abu ba ne, amma kowace makarantar lauya tana wallafa makin tsakiya na ɗaliban da ta ɗauka, kamar yadda ƙungiyar lauyoyin Amurka ta wajabta, kuma mujallar U.S. News tana sa shi cikin lissafinta na jera makarantu. Saboda haka masu tantancewa suna lura sosai da wanda ke sama da wannan layi da wanda ke ƙasa da shi, kuma sau da yawa tallafin kuɗin makaranta ma hakan yake bi. 'Yata ta rubuta wa makarantun gajeren bayani kan rashin lafiyar mahaifiyarta, ina kuma kyautata zaton sun karanta da idon rahama, sai dai lambar ba ta sauya ba.

Dalilin gaggawata shi ne, ranar da aka ba ɗanmu digirin farko an rufe lissafin ke nan, ko da ya yi digiri na biyu daga baya ba zai taɓa wannan maki ba. Zangunan da suka rage masa su ne damarsa. Ya je ofishin rajista ya tambaya ko jami'arsa tana ba da A+, kuma idan darasi ya fi ƙarfinsa ya janye kafin wa'adi ya cika, domin janyewar da ba ta ɗauke da hukunci ba ta shiga lissafi. Ba na so ya guje wa darussa masu wuya gaba ɗaya, domin karatun lauya zai nemi wannan juriyar a wurinsa, amma kada ya tara su a zango ɗaya.

Game da yayarsa da ta gama a Jami'ar Bayero, inda ake auna maki a kan 5.0, LSAC ba ta fitar wa takardun irin waɗannan jami'o'i na waje lamba, sai dai ta sa su a ɗaya daga cikin matakai huɗu, daga mafi kyau zuwa ƙasa da matsakaici. Idan har tana da wannan niyya, LSAT ce za ta ɗauki yawancin nauyin, sai ta ba ta watanni tana shiri.

Ka ce wa ɗanmu ya turo mini takardar sakamakonsa a wannan makon, mu zauna mu yi lissafin tare kafin ya yi rajistar zango mai zuwa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Minesota