A jihohin Arewa na Amurka ma an kori baƙar fata daga unguwanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta sharhin da kuka buga kan wariyar launin fata a Amurka, inda marubucin ya ɗora laifin kacokan a kan jihohin Kudu da dokokinsu. A kan batun gidajen zama kuwa, abin da ya faru a biranen Arewa bai gaza na Kudu muni ba, kuma maƙwabta ne suka aikata shi da hannunsu.

A watan Yulin 1951, Harvey Clark, baƙar fata, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu kuma direban bas, ya kama hayar gida a Cicero, daf da birnin Shikago. Fararen fata wajen 4,000 suka yi wa ginin ƙawanya, suka farfasa shi, suka jefo kayan iyalinsa ta taga suka cinna musu wuta, har sai da Gwamna Adlai Stevenson ya turo dakarun jiha. Da aka zo tuhuma a matakin gunduma, sai aka bar masu tarzomar aka gurfanar da lauyan Clark da mai gidan, ko da yake daga baya an janye ƙarar. Wannan fa shekara 3 ke nan bayan Kotun Ƙoli ta yanke, a 1948, cewa kotu ba za ta tilasta bin yarjejeniyar da ke hana sayar wa baƙar fata gida ba. A Agustan 1957 iyalin William da Daisy Myers, su ma baƙar fata, suka sha jifa da ihu dare bayan dare a Levittown ta jihar Pennsylvania. Dokar tarayya da ta haramta wariya wajen haya da sayar da gida ba ta samu ba sai a Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King.

Hujjar da masu jifan suka fi kafawa ita ce kuɗin gidajensu zai faɗi. Tsoron nan yana da tushe a hukuma, domin tun shekarun 1930 ake shata unguwannin baƙar fata da jan launi a taswira, bankuna suna ƙin ba da rance a cikinsu. Saboda haka mutum yana iya jifan maƙwabcinsa da dare, da safe ya ce dukiyarsa yake karewa.

Ba na cewa Damagaram Shikago ce, kuma launin fata bai raba unguwannin Birni da Zango ba. Sai dai duk ɗan garin nan ya san Kara-Kara, unguwar da aka keɓe wa masu cutar kuturta, ya kuma san yadda sunanta ke bin jikokinsu wajen neman aure ko aiki, alhali cutar tana warkewa da magani, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi.

Yaran da suka ga daren Cicero sun haura shekara 80, dattawanmu da suka san yadda aka zauna a Kara-Kara ma sun tsufa. Ina roƙon ku tura wakilinku ya ji daga bakinsu, ya kuma tambayi dattawan sauran unguwanni su wa suka ƙi ba haya a da, da kuma dalilin da suka bayar.

Naku,
Wani malamin tarihi mai ritaya,
Birni, Damagaram