A biya wa ma'aikatan lafiya kuɗin data kafin a ce su yi karatu ta intanet

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafinku in yi tsokaci kan yayin da ake ciki na horar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Na daɗe ina aiki a ƙananan asibitocin karkara, kuma ina goyon bayan tsarin. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake ɗora nauyinsa a kan ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi.

Dalilin goyon bayana a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa nan da 2030 duniya za ta yi giɓin ma'aikatan lafiya da ya kai miliyan 11, mafi yawa a ƙasashe irin namu. Tun 2014 Nijeriya ta amince a miƙa wa jami'an lafiya na matakin farko wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, har da karɓar haihuwa. An ƙara musu aiki, to dole a ƙara musu sani. A tsohon tsari kuwa, sai a kira taron bita na mako guda a otal a babban birnin jiha, a rufe asibitin ƙauye ko a bar wa mai gadi da mai shara, masu awo su zo su koma. Sau da yawa ma ba mai aikin ake turawa ba, wanda ke da uwa a gindin murhu ne yake tafiya, saboda alawus. Kowa a wannan aiki ya san haka.

Karatu ta waya yana rage wannan ɓarna. Dandalin OpenWHO na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buɗe a 2017 ya ba da darussa kyauta, kuma lokacin korona miliyoyin mutane sun yi rajista. Manhajar Safe Delivery App, wadda gidauniyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmark ta yi, da zarar an sauke ta tana aiki ko babu sabis, tana nuna wa ungozoma yadda za ta tunkari zubar jini bayan haihuwa ko jijjiga. A Kenya, tun 2005 ƙungiyar Amref ta fara ɗaga darajar dubban nas-nas daga satifiket zuwa difloma ta kwamfuta, suna bakin aikinsu.

Amma a duba yadda abin ke zuwa mana. Sai a turo saƙo a zauren WhatsApp cewa gobe da ƙarfe goma akwai horo ta Zoom, awa uku, da Turanci, kowa ya shiga. Ƙarfe goma kuwa lokacin da layin riga-kafi ya fi tsawo ke nan. Wa zai sayi datar? A farkon 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100, ba a kuma ƙara wa kowa ko sisi don karatu ba. Wayar ma sai an kai ta wurin mai caji a kasuwa. A wasu ƙauyukan sai ka hau tudu kake samun sabis, balle a yi maganar Zamfara da aka katse layuka gaba ɗaya a watan Satumba na 2021. Sakamakon shi ne mutum ya shiga, ya kashe murya, ya sa wayar a aljihu ya ci gaba da allura. A rahoton da za a kai Abuja an horar da shi.

Indiya ta fi mu lura da wannan. A 2012 aka fara wani shiri mai suna Mobile Academy a jihar Bihar domin matan da ke aikin lafiya a ƙauyuka, daga baya gwamnatin ƙasar ta karɓe shi a 2016. Ba ya buƙatar intanet ko babbar waya. Mace za ta kira lamba da ƙaramar wayarta, ta saurari darasi na 'yan mintoci da harshenta, ta amsa tambayoyi ta hanyar danna lamba. In aiki ya taso ta kashe, in ta sake kira ya ɗora daga inda ta tsaya, in ta ci jarrabawa a ba ta takardar shaida. Mu da muka tashi da rediyo a kunne, me zai hana a yi mana irinsa da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci?

Sai kuma abin da waya ba za ta iya ba. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, minti ɗaya kake da shi ka sa masa abin hura iska ya zauna daidai a fuska har ƙirjinsa ya ɗaga. Wannan hannu ne yake koya, a kan 'yartsanar gwaji, da wani a tsaye yana gyara maka riƙo. Haka neman jijiya don ƙarin ruwa ga yaron da amai da gudawa suka tsotse. Duk kuɗin otal da aka rage, a sayi 'yan tsanan nan a ajiye a kowace mazaɓa, a zuba wa babbar ungozoma mai a babur ta riƙa zagayawa.

Roƙona ga hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, da takwarorinta na jihohi shi ne su zauna da kamfanonin waya a mai da shafukan horon nan kyauta, a ware lokacin karatu cikin lokacin aiki, a kuma sa takardar da aka samu ta yi amfani wajen sabunta lasisi da ƙarin girma. Ku kuma, Malam Edita, duk ranar da wani jami'i ya zo muku da adadin waɗanda aka horar ta intanet, don Allah ku tambaye shi wanda ya biya kuɗin datar.

Naku,
Wani jami'in lafiya daga Jihar Jigawa