Awon jini sau ɗaya bai isa a yanke hukunci ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi tsokaci kan wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato a ɗaura wa mutum abin awo sau ɗaya, nan take a ce masa yana da hawan jini ko ba shi da shi. Ai jini ba ya zama a lamba ɗaya, kuma dalilin yana gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da laka.

A wurin akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ke aika saƙo ta cikin laka zuwa zuciya, ƙoda da hanyoyin jini; saƙon ne ke sa hanyoyin jinin su matse. Saƙon ba ya kwarara kamar ruwan famfo, daki-daki yake fita. Duk bugun zuciya, jijiyoyin jini na wuya da babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya suna jin yadda jini ya buɗe su, sai su kai rahoto gindin ƙwaƙwalwa, a tsayar da saƙon na ɗan lokaci. Da matsin ya ragu sai ya dawo. Numfashi ma yana da nasa tasiri, ga kuma wani hawa da sauka a kusan kowace daƙiƙa 10, wanda wani masanin kimiyya, Sigmund Mayer, ya bayyana tun 1876.

Don haka wanda za a auna ya zauna minti 5, baya a jingine, hannu daidai da zuciya, ba magana. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har kwana 7.

Abin da ya fi damu na shi ne jirin tashi tsaye. Idan mutum ya miƙe, jini kusan rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu, sai gindin ƙwaƙwalwa ya ƙara saƙo cikin daƙiƙoƙi. Tsufa da ciwon suga da ya daɗe kan raunana wannan gyara. A auna mutum a kwance, sannan a tsaye. Idan, a lambobi biyun da abin awo ke nunawa, ta sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasan ta faɗi da 10 cikin minti 3 da miƙewa, a gaya wa likita.

Masu shan kulonidin, wani maganin hawan jini, kuma don Allah su kiyaye. A gindin ƙwaƙwalwa yake rage wannan saƙo, kuma in aka daina shi farat ɗaya jini na iya tashi fiye da da. Likita ne zai riƙa rage shi sannu a hankali.

Wassalam,
Mai karatunku