A Duba Kafin a Sayi Babban Babur Na Hannu

Ya Edita,

Ina jan hankalin masu sayen manyan baburan dogon zango na hannu, irin Honda VFR800, kada ƙyallin fenti ya ruɗe su. A tayar da injin yana sanyi, domin ɗumi kan ɓoye hayaƙi da ƙara. Yana aiki, a auna batir: a ga volt 13.5 zuwa 14.5. In ya gaza haka, mai yiwuwa na'urar caji ta fara lalacewa, kuma tsofaffin VFR sun yi suna da wannan matsala. Lamba irin 2319 a gefen taya tana nufin an ƙera tayar a mako na 23, shekarar 2019. Tsohuwar taya santsi gare ta ko da haƙoranta ba su cinye ba.

Honda ta daina ƙera VFR800 a 2022, don haka a tabbatar robobin jikinsa ba su fashe ba, domin samun sababbi kan iya yin wuya. Lambar jikin babur kuma ta dace da takardar kwastam.

Mai karatu, Kaduna