Zuwa ga kamfanin kayan kiɗa da ya sayar min da jita bas a matsayin ta 1972

Salamu alaikum. Na rubuto a fili ne saboda wakilinku na nan Garwa ya daina ɗaga wayata, saƙon WhatsApp ma sai ya karanta ya yi shiru.

Kun tallata Fender Jazz Bass, kuka ce ta 1972 ce ƴar Amurka ba a taɓa canza mata komai ba, haka aka rubuta a rasit, na biya miliyan ɗaya da jaka 200 na sefa, kuɗin da na daɗe ina tarawa daga kiɗan biki. Da ta iso daga Duwala na kai ma wani dattijo mai gyara ya duba, tun bai kwance ta ba ya girgiza kai.

Jazz Bass ta 1972 alamomin kan wuyanta masu kusurwa huɗu ne da farin layi a gefe, haka kamfanin Fender ke yi a wancan lokacin tun daga 1966, wannan kuwa ɗige-ɗige ne. Ƙarfen cikin wuya a wancan zamanin ta gindi ake ɗaure shi, wannan ta wajen kai ramin yake. Lambar serial a lokacin kan farantin ƙarfen baya ake bugawa, sai 1976 ta koma kai, to farantin kam da lamba da tambarin F na Fender, amma a kan kai akwai wurin da aka goge da sanfefa aka sake fenti, in ka karkata shi a rana kana hango MN, wato ƙirar Meziko ta bayan 1990. Da ya buɗe cikin, lambar potansiyo, wato abin da ake murɗawa a ƙara ko a rage sauti, 1379614 ce: 137 kamfanin CTS da ya ƙera shi, 96 shekarar 1996, 14 sati na 14. Potansiyo ana canza shi in ya lalace, wannan ba komai ba ne, amma wa ya goge lambar kai, kuma don me?

Jitar Meziko ba ta da laifi, sautinta ma da daɗi, da an faɗa min gaskiya zan saya a kuɗinta. Abin da ya ƙona min rai shi ne an ɗaura tsohon faranti a jikin sabon kaya aka karɓi kuɗin tsoho, wallahi wannan ha'inci ne.

Ku karɓi kayanku ku maido min da kuɗina cif har da na mota. Hotunan komai suna hannuna da rasit, in sati biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba zan kai ƙara kamisariya.

Naku,
makaɗin bas daga Garwa